An Sassauta wa Dell Tsirkiya

"Wannan dodon ba zai shiga ɗakin nan ba," in ji Corinne. Ta tokare ƙofar da hannu biyu.

Bo ya tsaya a kan matakala, rungume da lasifika mai girman ƙaramin firji, ruwan sama na bin gemunsa yana ɗiga a kan rigarsa mai gidan dara. Lorna na bayansa, jitar lantarki rataye a kafaɗa, ɗaya hannun riƙe da kwalin giya.

"Yarinya, matsa mini. Abin nan ya fi ki nauyi, kuma bayana ba irin na da ba ne."

"Cewa na yi ku zo ku gan shi. Ban ce ku zo ku rushe masa gida a ka ba."

"Ke kika bi ni har garejina kina wanke ni tas a gaban masu kawo gyara. To ga mu mun zo. Mu da ma haka muke zuwa."

Daga can cikin ɗaki wata murya ta fito, siririya, a shaƙe. "Corinne, su wa ke nan? In masu wa'azi ne ki ce musu sun makara."

"Bo ne da Lorna."

Ba ka jin komai sai ruwa a kan kwanon rufi.

"Bar su su shigo," in ji muryar. "Amma ki ɓoye cokulan kirki."

Corinne ta sauke hannu ɗaya, Bo ya kutsa da kayansa.

Corinne Laakso malama ce a makarantar firamaren unguwar. Gida ɗaya aka raba biyu, ita a hagu, Dell Rusk a dama, bangon katako tsakaninsu. Sanda ta tare ba ta san shi da komai ba sai dogon mutum mai furfura da ke gyaran injin jiragen kamun kifi, wanda ke fito mata da kwandon shara bakin titi in ta manta. Ta bango ta fara sanin sauran. Kullum in ya dawo daga aiki sai ta ji jitar katako, wadda ba a jona ta da wuta, tana kewaya waƙa guda, a kai wani wuri a tsaya, a koma farko. Daga baya wata tsohuwa a shagon burodi ta ba ta labari. Dell da Bo da Lorna, lokacin suna da ƙuruciya, su ne ƙungiyar kiɗan da ake kira Ruɓaɓɓen Katako. A shekarun da aka rufe masana'antun yanka katako, iyaye maza suka zauna a gida suna kallon bango, 'ya'yansu suka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da tsofaffin jitoci suka yi ta ihu, ihun da duniya ta zo ta sa wa suna giranji. Su ukun sun kai har birnin Seattle suna wasa. Faifai ɗaya suka yi, sannan allurar ƙwaya ta shiga tsakaninsu, kowa ya kama gabansa. Dell ya bar allurar tun kafin a haifi Corinne, amma ita ba ta bar shi ba. Ta kwanta a hantarsa tana jira.

Garin nan ya iya makokin mawaƙa, in dai sun mutu da ƙuruciya, kuma ana iya buga fuskarsu a jikin riga a sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido. Wanda ya yi kuskuren rayuwa har ya tsufa, ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, wannan babu mai tuna shi. Wata uku Dell na kwance, Corinne ke kai masa romon kifi, ita ke canza masa zanen gado ranar da nas ba ta zo ba. Duk wanda ta tare da maganar, amsa ɗaya ce: "Ai Dell ba ya son a dame shi." Haka Bo ya ce. Haka Lorna ta ce ta waya. Mutanen zamaninsu sun ɗauki nuna damuwa abin kunya ne, tun suna yara suke yi wa duk mai kuka dariya, har abin ya zame musu jiki. Suna kiran wannan mutunta juna. Corinne ta gaya wa Bo sunan da ita take kiran wannan hali, wato tsoro, a tsakiyar garejinsa, da murya mai ƙarfi.

Abin da ya sa ta tashi tsaye kuwa, nas ta ja ta gefe ta ce gubar hantar ta fara hawa kansa. Da hantsi yakan dawo hayyacinsa na ɗan lokaci, kuma lokacin kullum raguwa yake yi. Shekaranjiya ya kira Corinne da sunan mahaifiyarsa. Da ya farfaɗo ya gane ta, abu ɗaya ya roƙa: waƙar nan da yake ta kewayawa, yana so ya ji ta da mutum uku, ko sau ɗaya ne.

An kawo gadon falo, kusa da taga. Bo ya dire lasifikar, ya miƙe, ya kalli abokinsa, nan take ya mai da idonsa kan labule.

"Kai, Dell. Ka yi kyau."

"Ƙarya kake, ɗan banza. Na ga madubi. Kai kuma wa ka haɗiye? Cikin nan naka da hayar mutum biyu."

"Matata ta iya girki."

"Ta nawa?"

"Ta uku."

Lorna ta ajiye giyar a ƙasa, ta zauna a bakin gado, ta kama yatsun ƙafarsa ta saman bargo ta girgiza. "Tsoho, ashe da gaske kake. Na zaci wata dabara ce ta gudun ɗaukar kaya, irin taka."

"Har yanzu kina da bakin nan."

"Shi kaɗai ya rage bai lalace ba."

Suka yi dariya su ukun, dariyar Dell ta koma tari. Corinne ta tallafe shi ta ba shi ruwa ta bututun roba. Kafin ta juyo, Bo ya fita ya dawo da ganguna biyu da faifan ƙarfe, yana neman inda zai jona wuta.

"Bo," ta ce, "kunnensa ba ya ɗaukar ƙara. Ko ƙofa na buga sai ya yi ta riƙe kai."

"Kunnensa ya mutu tun ba a haife ki ba. Mu muka kashe shi, da yardarsa." Ya durƙusa bayan kujera. "Ba mu taɓa sallamar namu shiru ba. Sanda muka binne Teague mai ɗaukar mana kaya, sai da 'yan sanda suka zo. Ko ba haka ba, Dell?"

Corinne ta ga yadda Dell ya kalli lasifikar, ta ga kuma ba zai iya ce musu a'a ba. Shekara talatin ba su shigo ɗakinsa ba. Ya ɗaga kafaɗa. "Yadda kuka gani."

Lorna ta cusa igiya a jitarta. Lasifikar ta yi gurnani, sannan ta saki wata ƙara mai tsini, irin wadda da can suke buɗe wasa da ita, jama'a na ihun murna. Gilashin taga ya amsa. Bo ya ɗaga sanda ya sauke a kan faifan ƙarfe.

Dell ya dafe kunnuwa da hannu biyu, ya dunƙule kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. "Mama," ya ce. "Mama, ki ce su kashe injin. Baba na barci."

Corinne ta tsallake ganga ta fizge igiyar daga bango.

Ta hau gefen gadon ta riƙe kan Dell a ƙirjinta, tana kiran sunansa, tana gaya masa inda yake. Ta ɗago ta kalli Bo.

"Zo kicin."

Ya bi ta, sandunan na hannunsa har yanzu. Ta tura ƙofa.

"Awa ɗaya yake da ita a yini. Ƙila yau ce ta ƙarshe. Ka cinye masa rabi saboda kana jin tsoron zama kusa da shi ba tare da hayaniya ba."

"Ke ba ki san komai game da mu ba."

"Na san wanda ke wanke masa jiki."

Bo ya jingina da firji. Katon mutum, hannuwa duk baƙin mai, ya tsaya yana juya sanduna kamar yaron da aka kama a aji.

"Jitar katako yake so, ko? Na sani. Tun da can yake wannan maganar. Na ce masa ta 'yan coci ce da masu gasa nama a bakin rafi." Ya share hanci da bayan hannu. "Ban iya ba, yarinya. Gaskiyar ke nan. Ni duka na iya. Tun ina shekara sha huɗu nake dukan ganga kamar ta zage ni. Ban taɓa bugawa a hankali ba. In an yi shiru zan ji abin da yake faɗa, in na ji kuwa..." Bai ƙarasa ba.

"To ka ji. Don haka ya kira ka."

Sanda suka koma falo, Lorna ta riga ta ture lasifikar gefe. Ta sauko da jitar katakon daga ƙusar da take rataye, tana goge mata ƙura da hannun riga. Dell ya dawo. Idonsa ya faɗa, amma nasa ne.

"Na yi abin kunya?" ya tambaya.

"Ba ka kai na daren da muka yi wasa a Tacoma ba," in ji Lorna. "Wancan karon a kan takalmina ka yi amai."

Ta ɗora masa jitar a ciki, Corinne ta cusa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Ya shafa wuyan jitar, ya jera yatsu, ya kaɗa. Abin da ya fito ba sauti ba ne, wani ƙas-ƙas ne kamar an taka busasshen ganye. Ya sake. Yatsun sun kumbura, ba ƙarfi a cikinsu, tsirkiyoyin ƙarfe sun ƙi kwanciya. Ya danna har farcensa ya yi fari, hannun ya zame.

Ya yi ta kallon hannun.

"Shi ke nan," ya ce. "Watan jiya ina iyawa. Ku yi haƙuri, na sa kun sha ruwa a banza. Ku buɗe giyarku."

Corinne ta yi faɗa da kowa, ta jawo su da ƙyar, ta cire wuta, ashe abin da zai hana yana nan cikin yatsunsa. Ba ta da wanda za ta yi wa tsawa kuma.

Lorna ta miƙa hannu ta kama makunnin tsirkiyar sama, ta murɗa baya. Sautin ya sauka. Ta kama na biyu.

"Me kike yi?" in ji Corinne.

"Abin da muka saba." Ta ci gaba da murɗawa, kunnenta a karkace. "Mu ba mu taɓa ɗaure tsirkiya yadda littafi ya ce ba. Kullum ƙasa muke saukar da ita, don ta yi kauri, ta yi duhu, ta yi kama da taɓon garin nan. Malamin kiɗa na makaranta ya ce mun lalata jita." Ta bi su shida ɗaya bayan ɗaya. "Gwada."

Dell ya danna. Sauti ya fito, rabi.

"Ƙara sauke ta," in ji Bo daga bakin ƙofa.

"In na ƙara za ta koma igiyar shanya."

"Ƙara dai."

Ta ƙara. Tsirkiyoyin suka yi laushi har suna lilo, suna karkarwa a jikin katako. Dell ya ɗora yatsa biyu kawai, suka kwanta masa. Ya kaɗa, wani amo mai zurfi ya cika ɗakin, mai ɗan gurnani a ƙarƙashi, kamar jirgin ruwa na wucewa can nesa cikin hazo.

Dell ya rufe ido. "Yawwa," ya ce. "Ga mu nan."

Lorna ta ɗauki jitarta ta lantarki, ba ta jona ba, ta kawo kunne kusa da ita tana bin sa da ɗan siririn sautin da ƙarfe ke bayarwa shi kaɗai. Bo ya duba gangunansa, ya duba sandunan, ya ajiye su a kan talabijin. Ya jawo kwalin da nas ke kawo safar hannu da auduga, ya juye kayan a kujera, ya kife shi tsakanin gwiwoyinsa. Bugun farko ya yi ƙarfi, Dell ya yamutsa fuska.

"A hankali, jaki."

"Ina ƙoƙari."

"Kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar matarka ta fari."

Bo ya sauke tafin hannu, ya koma yatsu. Ya ɓata, ya sake, ya ɓata. Can ya samu, wani ɗan bugu mai taushi, yana jan ƙafa kaɗan a bayan jitar.

Sai Dell ya fara waƙa. Muryar ta tsage, ba ta da sauran ƙarfin ihu, don haka kowace kalma ta fito tsirara. Corinne ta san karin kamar tafin hannunta, amma bango bai taɓa bari ta ji kalmomin ba. Waƙar wani mutum ce da aka sallama daga aiki, amma kullum da safe sai ya sa takalmin aiki, ya ɗauki kwanon abincinsa, ya je ya zauna a mota a bakin kogi har yamma, don kada ɗansa ya sani. Ɗan kuma ya sani, yana bin sa a keke, yana laɓewa bayan tarin gungume yana kallonsa yana cin abinci shi kaɗai. Babu zagi a ciki, babu kuka. Yaron dai yana tambaya ko akwai wuri a motar.

Corinne ta dubi Bo. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, don hannuwansa biyu suna kan kwali. Ashe waƙoƙin nan da aka yi ta binnewa ƙarƙashin ƙara, in aka kwashe ƙarar, abin da ke ƙasa ke nan: 'ya'yan da suka ga iyayensu sun karye, ba su da wanda za su gaya wa.

Suka iso wurin da kullum yake tsayawa. Dell ya rera layin ƙarshe da yake da shi, hannunsa ya yi sanyi a kan tsirkiya, ya buɗe ido.

"Nan ta ƙare mini. Ban san me ke biyo baya ba."

"Ba ruwanka," in ji Lorna. "Kai dai riƙe wannan."

Ta zagayo da karin, ta hau da shi sama kaɗan, ta sauko ta wata hanyar. Bo ya bi ta. Babu kalmomi, sai ta yi ta gunji da baki a rufe, shi ma Bo ya sa tasa muryar, mai kauri, ba daɗi. Dell na kaɗa tsirkiya ɗaya da babban yatsa, sau ɗaya a kowane zagaye. Suka yi ta juyawa. A wani zagayen yatsan bai sauko ba. Su biyun ba su tsaya ba, suka rage, suka rage, har ya zama ba ka bambance bugun Bo da ɗigar ruwa daga indararo.

Barci ya ɗauke Dell, bakinsa a ɗan buɗe, jitar na hawa da sauka a kan cikinsa.

Bai sake dawowa hayyacinsa sosai ba. Bo ya rufe gareji ya dawo washegari, da kashegarinta. Ya koyi juya shi ba tare da ya ji zafi ba, ya koyi jiƙa masa leɓe da auduga. Lorna ta kwana biyu a kujera. Ranar Alhamis da safe, Corinne na tsaye gaban allo tana koya wa yara rabawa, wayarta ta yi motsi a aljihu. Ba ta duba ba sai da aka tashi tara. Dell ya cika. Ta shiga ɗakin ajiye fenti da takardu, ta ja ƙofa, ta zauna a kan bokiti.

Ranar Asabar aka kwashe ɗakin. Kayan ba yawa: gado na asibiti ne, an zo an ɗauka, tufafi an kai wa masu rabawa mabukata. Bo ya yi ta jigilar lasifika da ganguna zuwa bayan a-kori-kurarsa, ya ja tamfol ya rufe. Ruwa bai ɗauke ba tun safe. Corinne na share inda gadon ya tsaya, Bo ya dawo ya tsaya gaban jitar katakon, an jingine ta a kusurwa.

"Ke ya kamata ki riƙe ta," ya ce.

"Ban iya ba. Za ta zama kayan ado ne a wurina."

"Ni ma ganga na iya."

"Ka koyi wani abu a makon nan. Ɗauka."

Ya ɗaga ta a wuya. Tsirkiyoyin suka yi rawa, suka yi ɗan ƙara su kaɗai. Ya shafa su da babban yatsa, ya girgiza kai. "Dubi yadda Lorna ta mai da ita. Ba mai iya kaɗa wannan." Hannunsa ya tafi kan makunni, ya kama na sama.

Corinne ta daina shara.

Ya daɗe a haka, yatsunsa a kan makunnin. Sannan ya sake shi. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓe jitar, ya fita da ita cikin ruwa da 'yar singileti. Ta taga Corinne ta ga ya wuce bayan motar, ya buɗe ƙofar gaba, ya zaunar da jitar a kujerar fasinja. Ya jawo bel ya ɗaura mata, ya gyara rigar inda ta zame. Ya zagaya ya shiga, ya zauna riƙe da sitiyari, bai tayar da motar ba. Ruwa na gangarowa a kan gilashi har ta daina ganin fuskarsa.